Daga Melbon zuwa Sidni da baƙo a cikin akwati

Akwatin bai fi kwalin ashana ba. Na roba ne garai-garai, ƙasansa shimfiɗe da wani abu mai danƙo da ke riƙe kaya kada su zame. A ciki akwai gutsattsarin silikon guda huɗu, baƙaƙe masu sheƙi, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ɗan ƙanwata ya nuna mini shi a tashar jirgin ƙasa ta Southern Cross da ke Melbon, ya mayar cikin jakarsa ta goyo, kuma bai yarda jakar nan ta sauka daga cinyarsa ba har muka isa Sidni, tafiyar kusan awa 11. Tawa jakar kuwa, mai fasfo da komai, yana kallo na jefa ta saman kanta, ko uffan bai ce ba.

Shekara 31 na yi ina koyar da fiziks a sakandare kafin na ajiye alli. A bakina yaron nan ya fara jin sunan elektiron, yau ga shi yana digirin dakta a Ostareliya kan abin da ko sunansa ba na iya maimaitawa. Da ya gaji da yi mini bayani a waya ina cewa "to, to" alhali ban gane komai ba, sai ya ce in zo kawai, gani ya kori ji. A Melbon na sauka saboda makon nan yana can, ya kai gutsattsarin a harba musu fosfaras. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturunsu, iska na kaɗowa daga teku tana ratsa rigar sanyi kamar ba ka sa ba.

Harbi na ce, kuma harbin ne na gaske. A Jami'ar Melbon da ke unguwar Parkville, tawagar Farfesa David Jamieson ta daɗe da gwanancewa wajen cusa atam cikin silikon. Ana ba atam ɗin caji, a ingiza shi da lantarki, ya nutse 'yan nanomita ƙarƙashin fatar guntun ya tsaya cak. Nanomita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Sun kai har suna iya gane shigar atam ɗai-ɗai. Daga nan guntun ya koma Sidni, a gasa shi don raunin harbin ya warke, a shimfiɗa masa siraran wayoyin alminiyam a sama. Mu dai 'yan rakiya ne.

Jirgi ya fita daga gari, gidaje suka ƙare, aka shiga filayen tumaki da bishiyoyin turare. Na ce bari in nuna masa ban manta da sana'ata ba. Silikon hannu huɗu gare shi, kowane atam ya riƙe maƙwabta huɗu. Fosfaras biyar gare shi. In ya zauna a gurbin silikon, huɗu sun sami abin riƙo, elektiron na biyar ya rasa, sai ya shiga yawo yana ɗaukar lantarki. Shi ya sa ake ce masa mai bayarwa, kuma a kan wannan dabarar aka gina taransista da duk wata waya da kwamfuta. A aji "datti" nake kiransa, don haka littafi ya rubuta, duk da cewa da gangan ake zuba shi. Ni dai a raina baƙo ya fi dacewa da shi.

Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, duk daidai ne. Amma kun tsaya a zafin ɗaki. Ku sanyaya shi ku ga abin da zai faru."

Abin da ke faruwa shi ne, in sanyi ya yi tsanani elektiron ɗin ba ya da ƙarfin yawo, sai ya dawo ya tare a gindin mai gidansa. Su biyu sai su zama kamar atam ɗin haidurojin da ya kumbura, faɗinsa 'yan nanomita, yana lulluɓe da dubban atam na silikon. Elektiron ɗin yana da wata ɗabi'a da ake kira sifin, wadda ke sa shi zama tamkar ƙanƙanuwar allurar kamfas: a cikin maganaɗisu, in aka auna shi, ko dai ya nuna sama ko ƙasa, babu na uku. Cibiyar fosfaras, wato ƙwayar da ke tsakiyar atam ɗin, ita ma tana da nata sifin mai fuska biyu. Ke nan baƙo guda ya zo da kubit biyu, wato ma'ajin bayani na kwamfutar kwantam. Bambancin kubit da sifili-da-ɗaya na kwamfutar da muka sani shi ne ana iya kwantar da allurar ta zama haɗin sama da ƙasa a lokaci guda, tana kewaya kamar katantanwar da yara ke murzawa. Lissafin yana cikin inda kewayen ya kai a kowane lokaci. Muddin ka san inda allurar take a zagayenta, bayaninka na nan. Da zarar wani abu ya gaggauta ta ko ya jinkirta ta ba da saninka ba, ya tafi, ko da allurar ba ta faɗi ba. Tsawon lokacin da take riƙe takunta, shi suke auna wa dare da rana. Jituwa zan kira shi a nan.

Wannan bambanci tsakanin faɗuwa da ɓata taku shi ne abin da ban taɓa kamawa a waya ba. Tun shekarun 1950 George Feher, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ya gano cewa sifin na elektiron ɗin fosfaras a silikon mai sanyi yakan yi kusan awa guda bai kife da kansa ba. Awa guda, a duniyar da ake lissafi da kashi ɗaya cikin biliyan na sakan! Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Takun yana ɓacewa tun kafin ƙiftawar ido, kuma masu ɓata shi maƙwabta ne. Silikon na ƙasa iri uku ne a cakuɗe: kashi 92.2 cikin ɗari silikon-28, kashi 4.7 silikon-29, kashi 3.1 silikon-30. Na farko da na ƙarshe cibiyarsu shiru take, ba ta da sifin. Na tsakiyan nan, ɗaya cikin kowane 21, shi ne mai surutu. Kowannensu ɗan maganaɗisu ne, suna ta musayar juyi a tsakaninsu, ƙarfin maganaɗisun da baƙon ke ji yana hawa yana sauka, shi kuma ya rikice.

A Albury jirgi ya ɗan tsaya, mun tsallaka daga jihar Victoria zuwa New South Wales. Nan ya kawo maganar amsa-kuwwa, dabarar da Erwin Hahn ya fito da ita a 1950, kuma wannan kam na riga shi ƙarasawa, don duk malamin da ya taɓa fitar da ɗalibai fili ya san ta. Ka jera su a layi ka ce su ruga. Mai sauri ya yi nisa, mai nauyin jiki yana baya, layi ya watse. Ka busa usur ka ce kowa ya juyo: mai nisan yana da sauri, na kusan ba shi da shi, sai su iso gabanka tare. Haka ake yi wa sifin da bugun maikurowef guda a tsakiyar lokaci. Sharaɗin kawai shi ne kowa ya dawo da saurin da ya tafi da shi. In saurin na canzawa a hanya, sai ka riƙa busa usur akai-akai, ɗaruruwa ko dubbai, kafin canjin ya taru. Tun 1958 wasu biyu a Bell ɗin, Gordon da Bowers, suka gwada wannan a kan fosfaras cikin silikon, har suka ga jituwar ta ƙaru a samfurin da aka rage masa silikon-29. Ke nan an san maganin shekara 40 kafin a san me za a yi da shi.

Samun maganin da yawa shi ne wahala, kuma ta wata ƙofa dabam ya shigo. Labarin nan ya fi komai burge ni a tafiyar, har na sa ya maimaita mini wajen Wagga Wagga. Masu awo na duniya sun so su raba kilogiram da gunkin ƙarfen da aka ajiye kusa da Faris tun 1889. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a yi ƙwallon silikon mai nauyin kilo guda a ƙirga atam ɗin da ke cikinsa, kuma ƙidayar ba ta yiwuwa daidai sai silikon ɗin iri ɗaya ne. A Rasha aka tace shi da injinan juyi irin na tace yuraniyam, a Balin aka raino shi ya zama dunƙule guda mai kusan kilo biyar a 2007, tsarkinsa ya kai kashi 99.995 na silikon-28. Aka yanko ƙwallo biyu, aka kawo su nan Sidni aka goge su har suka shiga sahun abubuwa mafi mulmulewa da hannun ɗan Adam ya taɓa yi. Sabon ma'anar kilogiram ya fara aiki ranar 20 ga Mayu, 2019. To ragowar yankan fa? Su masu kubit suka samu. Abin nema ya samu. Da ɓarɓashin nan tawagar Stephen Lyon a Princeton ta nuna a 2012 cewa jituwar elektiron na iya wuce sakan guda, tawagar Mike Thewalt kuma a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada ta kai sifin na cibiya fiye da minti uku a shekarar.

Daga Goulburn duhu ya fara, ni kuma gajiyar jirgin sama ta kama ni. Ban farka ba sai a tashar Central.

Washegari muka hau tiram ya bi da mu titin Anzac Parade zuwa Kensington, inda Jami'ar New South Wales take a kan gangaren tudu. A nan wani Ba'amurke, Bruce Kane, yake aiki lokacin da ya wallafa shawararsa a mujallar Nature a 1998: a jera atam ɗin fosfaras cikin silikon, tazarar kusan nanomita 20, a sa wa kowanne ƙaramar ƙofar lantarki a kansa da wata a tsakaninsa da maƙwabcinsa, a ajiye bayani a cibiya, elektiron ya zama ɗan aike. A takarda abin tsaf. Sai da aka shekara 12 kafin tawagar Andrea Morello, a wannan harabar, ta iya karanta sifin na elektiron guda a awo ɗaya, a 2010, sannan ta iya juya shi yadda take so a 2012. Na faɗi haka ne don masu jin labarin kwantam a rediyo su ɗauka gobe za a fara sayar da ita.

Ɗakin da ya kai ni ba shi da wani kwarjini. Wayoyi ko'ina, akwatunan awo jere a kan kanta, da wata farar tukunya doguwa kamar ganga rataye a jikin firam na alminiyam. Sai wani sauti da ba ya yankewa, cit, cit, cit, kusan sau ɗaya a sakan, kamar tsuntsu ya maƙale a rufi. Famfon hiliyam ne. Kusa da tukunyar akwai wata irinta da aka buɗe ana gyara, nan na ga cikin: farantan tagulla masu ruwan zinare hawa-hawa, kowanne ya fi na samansa ƙanƙanta da sanyi, siraran bututu sun nannaɗe suna sauka. A farantin ƙarshe ake ɗaura guntun. Firjin, wato tukunyar nan, yana aiki da haɗin hiliyam-3 da hiliyam-4, yana sauka zuwa wajen 0.02 a ma'aunin kelbin, wanda sifilinsa ne ƙarshen sanyi, alhali sararin samaniya can tsakanin taurari yana 2.7. Na kai hannu zan dafa firam ɗin mai aiki don in leƙa da kyau, sai na ji an riƙe mini hannun riga.

"Kawu, don Allah. Wata biyar ke nan yana ciki."

Na janye hannuna na sa a aljihu, ban sake fitar da shi ba. Daga baya ya nuna mini igiyar da suke ɗaurawa a wuyan hannu kafin su taɓa wayoyin, don ɗan tartsatsin da ke fita daga yatsa in ka taɓa ƙofa lokacin sanyi ya isa ya ƙone aikin rabin shekara.

Ya zaunar da ni gaban allo. Wani koren layi ne ke gudu a kwance, shiru, sai can ya yi tsalle ya dawo. Ya ce in ƙura ido. Kusa da atam ɗin akwai wani ɗan tsibiri na lantarki, an daidaita shi yadda elektiron mai kallon sama kaɗai ke da ƙarfin tsallakawa can. In ya tsallaka, lantarki ya gudana, layi ya yi tsalle, har wani mai kallon ƙasa ya zo ya maye gurbinsa. In babu tsalle, dama ƙasa yake kallo. Ƙarfin maganaɗisun da guntun ke ciki ya kai kusan ɗaya da rabi a ma'aunin tesla, a nan allurar na kewayawa wajen sau biliyan 40 a sakan, kuma sai maikurowef ya zo da wannan takun daidai take amsa masa. Takun ma biyu ne, tsakaninsu kusan miliyan 117, gwargwadon inda cibiya ta fuskanta. Ta haka ake jin abin da cibiya ke ciki ba tare da an taɓa ta ba. Na yi shekara 31 ina zana elektiron a allo da ɗigon alli. Ranar na zauna ina kallon guda ɗaya tak yana fita yana dawowa, na kasa cewa komai.

Da bakina ya buɗe, sai na kawo abin da na zo da shi tun daga gida, labarin minti 39. A 2013 jaridu sun ɗauka cewa an riƙe bayanin kwantam minti 39 a zafin ɗaki, da awa uku a cikin sanyi, aikin su Thewalt ne da abokansu na Oxford. Na ce to in haka ne, wannan ganga ta mece ce?

Ya ce labarin gaskiya ne, amma a duba yadda aka yi. Ba atam guda ba ne, biliyoyi ne aka sa su abu ɗaya. A cikin sanyi aka rubuta, aka cire wa kowane fosfaras elektiron ɗinsa, aka ɗumama, aka sake sanyayawa kafin a karanta. Cibiyar ta daɗe ne saboda an raba ta da abokin hirarta. Amma abokin hirar nan shi ne kaɗai hanyar da za ta yi magana da wata cibiyar. Nan na ga inda matsalar take: duk abin da ka killace har duniya ta kasa damunsa, kai ma ka kasa kiransa. Ka buɗe masa taga don ku gaisa, hayaniya ta shigo ta nan. A na'ura ta gaske baƙon yana nanomita kaɗan daga fatar guntun, kusa da wayoyi da cajin da ke maƙale a iyakar silikon da siririn gilashin da ke lulluɓe da shi, ga zafin da ke sauka ta igiyar maikurowef. Shi ya sa a wurina sakamakon 2014 ya fi minti 39 nauyi, ko da bai yi amo kamarsa ba. A atam guda, cikin na'ura mai wayoyi, kan silikon da tawagar Kohei Itoh ta Jami'ar Keio a Japan ta samar, wanda saura 800 cikin miliyan kaɗai na silikon-29, cibiya ta riƙe fiye da sakan 30, elektiron kuma kusan rabin sakan da taimakon usur. Ba tare da usur ba, takun elektiron da ke ɓacewa a nanosakan 55 cikin silikon na ƙasa ya koma maikurosakan 270, wato nanosakan 270,000. Ninki kusan 5,000, daga sallamar maƙwabta kawai.

Kuma ko wannan ba shi ne ma'aunin ƙarshe ba. Abin tambaya shi ne aiki nawa za ka yi kafin takun ya ɓace, kuma nawa ne a ciki babu kuskure. A Janairun 2022 tawagar nan ta Sidni ta nuna cibiyoyi biyu da elektiron guda ya haɗa suna aiki tare da daidaito sama da kashi 99, a fitowa ɗaya ta Nature da wasu tawagogi biyu na Delft da Japan da suka kai wannan matsayi ta wata hanyar.

Akwai masu neman shiru ta wata dabara. Bismut, babban yayan fosfaras a jadawalin sinadarai, yana da wasu wurare a ƙarfin maganaɗisu inda takunsa ba ya kula da ƙaramin hawa da sauka, irin abin da agogon atam ke dogara da shi. A 2013 an kai kusan sakan uku da shi. Antimoni kuma cibiyarsa matakai takwas gare ta. Labarinsa ya ba ni dariya: eriyar da za ta aika masa maganaɗisu ta ƙone a gwaji, amma cibiyar ta ci gaba da amsawa, ashe lantarki take ji. Tawagar Morello ta wallafa a 2020, sannan aka tuna Nicolaas Bloembergen ya hango hakan tun 1961.

Da yamma ya zagaya da ni ta gefen ginin da tawagar Michelle Simmons ke aiki. Su ba sa harbi. Suna lulluɓe silikon da haidurojin, su sa tsinin madubin da ke ganin atam su cire guda shida, su saki iskar fosfin mai ɗauke da fosfaras, fosfaras ya zauna a ramin, su rufe da sabon silikon. Da haka suka yi taransista mai atam guda a 2012. Dalilin wannan wahala shi ne ƙarfin hirar baƙi biyu yana canzawa sosai in ɗaya ya gusa ko da gurbi guda, abin da aka lissafo tun 2002. Harbi ya fi sauri kuma ya fi kusa da yadda masana'antu ke aiki, tsini ya fi daidai. Na tambaye shi wa zai ci. Ya ce shi ɗalibi ne, a tambaye shi bayan ya kare kundinsa.

Kwana tara na yi. Na taka zuwa bakin tekun Coogee, na haye gadar Sidni a jirgin ƙasa, na ga gidan waƙen nan mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa. Gutsattsarin da muka rako kuwa har na tafi suna cikin akwatinsu a wata durowa mai busasshiyar iska, suna jiran layi. Ba za a ɗumama firjin ba sai wanda ke ciki ya gama ba da abin da zai bayar, kuma ba tabbas ko ɗaya daga cikin huɗun zai yi aiki.

Daren ƙarshe muna cikin tiram za mu koma masauki, ina ba shi saƙon mahaifiyarsa karo na uku, na lura hankalinsa na kan waya. Na leƙa. Ba hira yake ba, allon ɗakin binciken ne ya janyo. Lambar sanyi na nan inda muka bar ta, koren layin na gudu.

"Yana nan?" na ce.

"Yana nan, Kawu."

Ya kife wayar a cinya, ya ce in ci gaba, me Umma ta ce.